Usur a Bakin Kubanni

Isiyaku, matso nan, dutsen ya huce,
tuɓe takalmi mu jiƙa sawu.
Shekara uku ban taka wannan laka ba,
bar ni in shaƙi ƙarnin ruwa.

Ka tambaye ni Koriya.
Bar batun karatun da ya kai ni Dajon,
bar batun sanyin da ya tsattsaga mini leɓe.
Ranar da na je iyo zan ba ka,
da gadarata ta ɗan Samaru
da ya iya ninƙaya tun bai iya ɗaure zariya ba.
Na ce yau za su ga gwanin ruwa.

Tun a ƙofa aka raba ni da takalmi,
aka ɗaura mini makulli a hannu kamar kambu.
Sai ga ɗakin wanka, dattawa zigidir,
suna hira, suna cuɗa, ba mai kallon wani.
Ni da ko a rafi sai na juya baya,
na ƙame da gajeren wando ina rarraba ido.
Wani tsoho ya miƙo sabulu, ya nuna famfo:
sai ka yi wanka kafin ka shiga ruwa.

Wanka kafin wanka!
Sannan hula, ta roba, mai matse tunani.
Na shafa musu kaina, ƙwal kamar bayan ƙwarya,
suka ce doka ba ta san aski ba.

An ja igiyoyi, an yi wa ruwa kunya-kunya
kamar gonar da ke jiran iri.
Na faɗa layin masu sauri,
ina dukan ruwa kamar ya ci mini bashi.
Wata tsohuwa, sa'ar Gwaggo Delu,
ta wuce ni sau uku, ko fantsama babu.
Da muka fito ta ba ni dafaffen ƙwai
irin ba wa yaro haƙuri bayan kokawa.

A Busan na ga teku, na ga laima dubu,
mutane da dogon hannu har cikin igiyar ruwa,
suna gudun ranar da mu muke noma a ƙarƙashinta.
Wani yaro ya shafi hannuna, ya duba tafinsa.
Uwar ta yi ta rusunawa, ni ko dariya,
na tuna mu da Baturiyar nan ta Wusasa
da muka bi har bakin mota muna taɓawa.

Amma usur ne ya fi ba ni haushi.
Ka wuce igiya taku biyu, fiiit!
A tafkin gari kuma, awa na cika, fiiit!
kowa ya fito ya zauna minti goma,
ruwa ya kwanta shi kaɗai,
mai gadi na zagayawa yana leƙen ƙasa.
Na tambayi abokin karatuna, ruwan ne ya gaji?
Bai yi dariya ba. Ya ce,
a huta ne, kuma a duba
ko akwai wanda bai fito ba.

Isiyaku.

Mu tara muka zo nan, daminar da gada ta cika.
Mu takwas muka tafi, muna rabon gwaiba.
Sai da aka kira Magariba
Inna ta ce, ina Mamuda?
Rigarsa na nan a kan wannan dutsen,
a ninke, yadda ya saba ninkewa.

Ban kawo maka agogo ba, ka yi haƙuri.
Ga abin da na sayo, kuɗinsa bai kai na shayi ba,
ja ne, da igiyar ratayawa.

Dubi yaran can ƙasan magarya,
sun tuɓe, sun fara tsalle.
Za su ce wani mahaukaci ya dawo daga waje,
su faɗa.
Ni na ga bakwai. Kai nawa ka gani?
Sake ƙirgawa a hankali,
in busa su fito daga ruwa.